Kwamfutar wasa daga Faransa zuwa Damagaram: yadda na zaɓa, na biya, na ɗauko

Sana'ata haɗa bidiyo ce. Ina ɗaukar biki da suna da walimar saukar Alƙur'ani, ranar Sallah kuma ina cikin masu tsayawa ƙofar fadar Sarkin Damagaram da kamara muna ɗaukar hawa. Da dare, in aiki ya lafa, wasan kwamfuta nake yi, kuma ina son sa har cikin raina. Ƙaramar kwamfutar da na daɗe ina fama da ita ta gaza a duka biyun. In na ɗora mata bidiyon 4K sai ta yi ta cijewa, wasa kuwa sai na rage kyan hoto zuwa ƙarshe kafin ya motsa. A daminar 2024 na yanke shawarar sayen babba ta tebur, irin wadda mutum ke zaɓar kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya a intanet, kanti ya haɗa masa. Tun da ta iso samari ke tare ni da tambaya, a Zango da Birni da wajen jami'a, kuma kusan duka tambaya ɗaya ce: wane katin hoto ka sa? Katin hoto shi ne ɓangaren da ke zana abin da ake gani a allo. Tambayar da ta fi wannan muhimmanci ba mai yi mini ita. Wadda za ta yi aiki a ɗakin da zafinsa ke kai digiri 40, a garin da ƙura ke shiga ko ta ƙofar allura, da wutar da ke zuwa tana komawa, yaya ake haɗa ta?

Na fara dubawa kusa. A Kasuwar Dole akwai ƙananan kwamfutoci na hannu masu kyau don aikin ofis da karatu, amma ba irin wadda nake nema. A Yamai ana samu jefi-jefi, sai dai abin da mai shago ya haɗa shi za ka ɗauka, da tsada. Kano ta fi kusa da mu nesa ba kusa ba, kuma a Beirut Road akwai kaya sosai. Abin da ya tsayar da ni shi ne katin hoto, wanda shi kaɗai ke cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Na hannu sun yi yawa a kasuwa, wasu sun yi shekaru suna aiki dare da rana wajen haƙar kuɗin intanet, an wanke su an mayar a kwali, kuma ido ba ya bambance su da sababbi. Ina son sabo, da rasit mai sunana, da garanti.

Faransa na zaɓa saboda dalilai masu sauƙi. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro 1 daidai yake da sefa 655.957, ba ya hawa ba ya sauka, don haka farashin da na gani yau shi zan biya bayan wata biyu in na gama tara kuɗin. Wutarsu kusan irin tamu ce, bolt 230, bakin filoginsu ma mai ƙafa zagaye ne kamar namu. Ina jin harshensu, zan iya yin gardama da kanti a rubuce. Sannan ɗan kawuna yana karatu a wajen Faris, kuma shi ne ginshiƙin duk wannan sayayya, kamar yadda za a gani.

Shafin kantin yana da wurin haɗa na'ura. Ka zaɓi furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, shi kuma ya nuna maka uwar allon da ta dace da ita, wato babban allon da ake dasa duk kayan a kai, da ram, ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, da sauransu, in ka ɗauki abin da ba zai zauna da wani ba ya gargaɗe ka. Kafin in taɓa shi na daɗe ina gwada lissafi a PCPartPicker, wanda ke tara maka yawan wutar da kayan za su sha gaba ɗaya. Wannan adadi na wat shi na riƙe a matsayin ma'auni, fiye da kowane adadi na sauri.

Ga dalili. Duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa, kuma zafin nan cikin ɗakinka zai tsaya. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa a kan ƙarfe. Masu gwada kaya a YouTube suna yi ne a ɗakunan da ke wajen digiri 22. In suka ce kati ya tsaya a digiri 68, mu nan a watan Afrilu da Mayu sai ka ƙara masa 15 ko 18 kafin ka san gaskiyar abin da zai yi a Damagaram. In zafi ya kai iyakar da aka sa mata, na'ura da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ke nan mutum zai iya biyan kuɗin mafi sauri a duniya, ya zo nan yana samun gudun matsakaiciya.

A lokacin babban katin da kowa ke mafarki shi ne RTX 4090 na Nvidia, mai shan wat 450, farashinsa na fitowa dala 1,599. A haɗa shi da Core i9-14900K ta Intel, wadda ke iya jan wat 253, an haura wat 700 ke nan, kusan kamar ka kunna dutsen guga na lantarki a ɗaki ka rufe ƙofa. Ko da ina da kuɗin, da ban saya ba. Na ɗauki Ryzen 7 7800X3D ta AMD, wadda ta fito a Afrilun 2023. Ƙwayoyin aiki takwas gare ta, da babbar ma'ajiya ta kusa mai megabait 96 wadda wasanni ke amfana da ita ƙwarai, kuma a cikin wasa da wuya ta sha wat 80. A wasa tana kafaɗa da kafaɗa da waccan ta Intel, wuta kuwa ko rabi ba ta sha. A haɗa bidiyo akwai waɗanda suka fi ta, na sani, amma katin hoto ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin aikina. Katin kuwa RTX 4070 Super na sa, wanda ya fito a Janairun 2024, mai gigabait 12 da wat 220. Ram gigabait 32 ta DDR5, ma'ajiyar SSD terabait 2. Duka na'urar in tana iyakar ƙoƙarinta a wasa ba ta kai wat 400.

Wajen sanyaya furosesa shafin ya yi ta tura mini mai ruwa, mai bututu biyu da fitilu. Kyakkyawa ce, ba musu. Amma a cikinta akwai ɗan famfo, ranar da famfon ya mutu na'ura ta tsaya ke nan, kuma ba shagon da zan shiga a garin nan in samo wani. Na ɗauki ta iska, tulin siraran ƙarafa da fanka biyu. Ƙarfe ba ya lalacewa. Fanka in ta mutu, girmanta milimita 120 ne, ana samun irinta a Kano, kafin nan ma ɗayar za ta riƙe.

Gidan na'urar shi ma sai da na yi rigima da zuciyata. Wanda ake yayi mai bangon gilashi ne, ana hango kayan ciki suna walƙiya. Na tuna kilomita kusan 900 da ke tsakanin Yamai da nan, na haƙura. Na zaɓi mai bangon ƙarfe, gabansa raga, da matatar ƙura wadda ake zarewa a wanke a gaba da ƙasa da sama. Na nemi a sa fanka uku masu jawo iska ciki, ɗaya tak mai fitarwa. Hikimar ita ce in iskar da ke shiga ta fi wadda ke fita yawa, sauran za ta riƙa tsiyayewa waje ta kowace ɓaraka, ƙura ba ta samun hanyar shiga sai ta matata. In aka juya lissafin, gidan zai riƙa zuƙo ƙura ta ramukan da ba su da kariya. Wanda ya ga yadda hazon hunturu ke kwanciya a kan gado cikin wuni guda ya san wannan ba ƙaramin zance ba ne.

Abin da na fi daɗewa a kansa shi ne akwatin rarraba wuta, wanda yawancin samari ke ɗaukar mafi arha don su ƙara wa kati kuɗi. Akwai masu rahusa a Turai da aka yi su don bolt 200 zuwa 240 kawai. Akwai kuma masu karɓar 100 zuwa 240. A unguwarmu da magariba, in kowa ya kunna fanka da firji da talabijin, wuta na yin rauni har ka ga ƙwan fitila ya yi ja. Mai faɗin karɓa zai jure wannan, ɗayan kuwa zai riƙa kashe kansa. Ba a rubuta wannan a babban shafi, sai ka buɗe takardar bayanin kayan ka duba ƙananan rubutu. Na ɗauki mai wat 750 da shaidar 80 Plus Gold, wato kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga kayan, kaɗan ce ke salwanta ta zama zafi.

Allon maɓallai ban saya a can ba. Nasu AZERTY ne, hannuna kuwa ya saba da QWERTY, wasanni da yawa ma a kan W, A, S, D aka tsara tafiyarsu.

Jimla ta tsaya wajen yuro 1,800, kusan miliyon 1 da jaka 180 ke nan. A gidanmu ba a fitar da irin wannan kuɗi a ɓoye, don haka na je na sami Baba bayan sallar isha'i. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Kuɗin fili ne fa wannan. Wasa za ka saya da kuɗin fili?"

Na ce: "Baba, zan yi wasa da ita, ba zan ɓoye maka ba. Amma bikin da nake kwana uku ina haɗawa, da ita wuni guda zai ishe ni. Aikin da nake mayarwa saboda na'urata ba ta iyawa zan fara karɓa."

Ya ce: "Bashi za ka ci?"

Na ce a'a, tarawa na yi, na kuma sayar da tsohuwar kamarata. Ya yi shiru, ya ce: "To, Allah ya sa albarka. Amma ka nemi shawarar yayanka kafin kuɗi su bar hannunka." Yayan nawa a Yamai yake aiki, kuma shi ya riƙe mini ɓangaren duwan, wato kwastan, daga baya.

Biyan kuɗin ya ba ni wuya. Na zuba kuɗi a katin Visa na banki, na cike komai, saƙon lambar tabbatarwa ya shigo wayata, na saka, kantin ya ƙi karɓa. Da na rubuta musu sai suka ce tsarinsu na tsaro ba ya amincewa da katin wata ƙasa in adireshin kai kaya na wata ƙasar ne daban. Ba su zarge ni da komai ba, amma ba su kuma buɗe mini wata ƙofa ba. Mafita ta zo ta hanyar da iyayenmu suka daɗe suna bi tun kafin intanet. Ɗan kawuna yana so ya aiko wa mahaifiyarsa kuɗin gyaran gida daga abin da yake samu a aikin hutu. Sai ya biya kantin da katinsa a can, ni kuma na kai wa Inna sefa a hannu a nan, Baba da kawu suna zaune aka ƙirga. Ba kuɗin aikawa, ba asarar canji. Na roƙe shi ya sa sunana a rasit tare da adireshinsa, saboda garanti da kuma duwan.

Akwai asara guda da na shiga ido buɗe. A cikin yuro 1,800 ɗin nan, 300 harajin TVA ne na Faransa, kashi 20 cikin 100. Kayan da za su fita daga Tarayyar Turai bai kamata su biya shi ba, in kantin da kansa ya aiko su waje da takardun fitarwa. Wannan kanti ba ya aika haɗaɗɗiyar na'ura zuwa Nijar. Da na matsa na nemi wani mai yi, da ta taho kai tsaye ba wanda ya kunna ta. Na auna biyun, na ga gara in bar musu kusan jaka 200 a gwada mini ita a inda mayar da ita ke da sauƙi. A dokar Faransa kaya sababbi na da garantin shekara 2, amma garantin da sai ka biya jirgi zuwa da dawowa kafin ka ci moriyarsa, rabinsa suna ne.

Wannan shawara ta biya kanta. Da aka kai na'urar ɗakinsa, muka yi kiran bidiyo ina gaya masa abin da zai yi. Ya sa manhajar gwaji ta MemTest86 a filashin USB ya bar ta kwana tana gwada ram. Da safe allon ya yi ja da kurakurai. Ɗaya daga cikin sandunan ram biyu ce ba ta da lafiya. Irin wannan matsala ba ta hana na'ura tashi, sai dai ta riƙa mutuwa a tsakiyar aiki lokaci-lokaci, kuma da a nan ta fara, da wuta zan ɗora wa laifi ko zafi, in yi wata da watanni ina lalube. Kantin ya canza sandunan ba gardama. Bayan nan ya gwada furosesa da Cinebench, kati da FurMark, yana karanto mini zafinsu daga HWiNFO ina rubutawa a littafi, don in sami abin kwatantawa in ta iso. Ya shiga BIOS, wato shafin saitin uwar allo, ya kunna saitin EXPO don ram ta yi cikakken gudunta, ya sake gwadawa.

Sai abu na biyu da na fi gode masa a kai. Manyan wasannin yanzu wani ya haura gigabait 100 shi kaɗai. A layin wayarmu wannan kuɗi ne masu yawa da haƙuri mai yawa. Na ba shi asusuna na Steam, kantin wasanni na intanet, ya sauke mini duk abin da na saya, da sabuntawar Windows, da manhajar haɗa bidiyo, a kan intanet ɗinsu na waya mai haske, cikin dare ɗaya. Wanda duk ke da mutum a waje ya yi wannan.

Ɗaurin kaya shi ne inda na'urori ke mutuwa. Katin hoto ya haura kilo guda, kuma abin da ke riƙe da shi siririn rami ne a jikin uwar allo da ƙusoshi biyu. Kowane rami da mota ta faɗa, nauyin katin na fizgar wannan wuri. Na sa ya cire katin ya mayar da shi kwalinsa na asali. Cikin gidan kuma ya cusa jakar kumfa da kantin ya aiko da ita, wadda ke kumbura ta rungume tulin ƙarfen sanyaya don kada ya girgiza. Ya ɗauki hoton kowace waya kafin ya zare. Kwali biyu, ɗaya cikin ɗaya, aka naɗe da leda.

Mai jigilar wani Alhaji ne ɗan ƙasarmu da ya daɗe yana aiko da kaya daga Faris. Da ya gaya mini nauyin da zan biya na ce: "Alhaji, ai an auna ta, kilo 15 ce."

Ya ce: "Ɗana, jirgi ba nauyi kawai yake sayarwa ba, wuri yake sayarwa. Auna kwalinka."

Tsawo santimita 60, faɗi 55, kauri 35. A ninka su a raba da 5,000, ya ba da kilo 23. Wanda ya fi yawa tsakanin nauyin sikeli da na girma shi ake biya. Gidan na'ura ƙarami zai rage wannan kuɗi, amma ƙaramin gida ya fi riƙe zafi, don haka na biya ban yi ƙorafi ba. Na kuma biya inshora a kan cikakken farashin. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 jiragen Faransa ba sa sauka Yamai, kaya sai sun zaga ta Kazablanka ko Istambul kafin su iso filin jirgin Diori Hamani. Ta ruwa ya fi arha, amma da iyakar Benin a rufe, kwantena sai ta Lome ta ratso Burkina, ba wanda zai ce maka ga ranar isowa.

A duwan Yaya ne ya tsaya tare da wani mai fiton kaya mai lasisi. Abin da ya kamata mai saye ya sani tun farko shi ne ba a kan farashin kanti kawai ake lissafi ba. Ana haɗa kuɗin kaya da na jirgi da inshora, a ɗora kuɗin fito a kai, sannan a ɗora TVA ta Nijar, kashi 19 cikin 100, a kan jimlar. Nawa ya haura jaka 300. Akwai wanda ya ba ni shawara a rage farashi a takarda. Yaya ya ce: "Kada ka soma. In suka duba intanet suka ga kuɗin katin nan, su za su yanka maka farashi, kuma inshorarka ta tashi a banza." Rasit na gaskiya muka bayar, aka ba mu takardar biya, ina ajiye da ita har yau, an kuma tambaye ta a shingen hanya.

Daminar ta yi ƙarfi a shekarar. A watan Agusta ruwa ya yanke hanyar fita Yamai ta gabas, kwalin ya zauna ɗakin Yaya yana jira. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni ya rushe da ruwan sama, garin nan duka ya ji abin a jikinsa, ni kaina zancen kwamfuta ya fita raina a kwanakin. Da hanya ta daidaita na hau kar na je da kaina, don ba na son a jefa ta cikin kayan aike a ɗora mata buhu. Na yi magana da yaran mota cikin girmamawa, na ba su na goro, suka tsayar da kwalin a tsaye tsakanin katifu biyu na wata amarya. Katin hoto yana cikin jakata a kan cinyata tun daga Yamai, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa, har muka shigo gida.

Ban kunna ta a ranar ba, domin ɗakin bai shirya ba. Gidanmu, kamar gidaje da yawa a nan, waya biyu ce a bango, babu ta ƙasa. Na kira wani malami mai gyaran wuta a unguwarmu. Ya duba ya ce: "In ka haɗa ta haka, duk lokacin da ka taɓa ƙarfen za ka ji tana ɗan cizonka. Ranar da aka yi tsawa kuma ba inda wutar za ta gudu sai cikin kayanka." Ya haƙa rami bayan ɗaki, ya kafa sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri, ya ja waya ta uku zuwa soket guda da ya keɓe wa na'urar. Ya ce in riƙa zuba wa ramin ruwa da rani, don busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta da kyau.

Na'urar riƙe wuta, wadda muke ce wa ondile, a Kano na saye ta tare da sitabilaiza da allon kallo mai inci 27. Batiran dalma ne a ciki, nauyinta kaɗai zai sa kuɗin jirgi ya fi kuɗinta. An buɗe iyaka tun watan Maris, naira kuma ta faɗi a shekarar, sefa na da daraja a kasuwa. Abu biyu na kula da su. Na farko, adadin da ake rubutawa a jiki da manyan baƙaƙe VA ne, ba wat ba. Mai 1500 VA abin da take ɗauka na gaskiya wajen wat 900 ne, wasu ma ƙasa da haka. Na biyu, akwatin wuta na zamani yana son wutar da ke tafiya sumul kamar ta layi, masu arha kuwa a gutsure suke fitar da ita, wani akwatin sai ya mutu a daidai lokacin da aka ɗauke wuta, wato lokacin da aka sayi ondilen dominsa. Na sa mai shago ya nuna mini a takarda cewa tsantsar sinus take bayarwa. Bakin soket ɗinta irin na Ingila ne mai ƙafa uku, sai na sayi wayoyi masu irin wannan kai maimakon in riƙa cusa adafta. Ba ta ba ni damar ci gaba da wasa in wuta ta tafi. Mintuna ne take bayarwa, in adana aikina in kashe lafiya, kuma don wannan na saye ta. Tun watannin da Nijeriya ta yanke mana wuta daga Agustan 2023, ba wanda ke buƙatar a yi masa bayanin amfaninta.

Ranar haɗawa na zare kumfar, na bi hotunan ɗan kawuna waya bayan waya, na danna katin har ya yi ƙas, na tura filoginsa na wuta har ƙarshe don kada a bar rata. Wayar allon kallo a jikin katin ake sa ta, a ƙasa, ba a ramin uwar allo na sama ba. Wani yaro ya taɓa kawo mini tasa yana cewa an cuce shi, ashe wannan ce kawai matsalar. Na danna maɓalli, fankoki suka juya, allo ya zauna baƙi. Ɗan kawuna ya riga ya gargaɗe ni cewa irin wannan uwar allo takan ɗauki mintuna tana daidaita ram, kada in taɓa komai. Na zauna ina salati har tambarin ya fito. Na maimaita gwaje-gwajen da ya yi, na kwatanta da littafina. Bambancin zafin daidai yake da bambancin ɗakinsa da nawa, alamar ba abin da ya goce a hanya.

Da na haɗa komai, na'ura da jirgi da duwan da kayan Kano da mai wuta da kuɗin mota, ya ɗan haura miliyon 2. Wato farashin da ke shafin kanti bai kai kashi 60 cikin 100 na abin da ya fita aljihuna ba. Wanda ke da miliyon 1 da rabi a hannu, na'urar jaka 850 zai duba.

Ta ga hunturu, ta ga bazara. A hunturu duk Juma'a nake zare matatun in wanke, in bar su su bushe sarai. Cikinta kuma ina hure ta da ƙaramin famfon iska a tsakar gida, ina riƙe fankokin da yatsa don kada iska ta juya su fiye da kima. A kan tebur take, ba a ƙasa ba, da zane a rufe in ba ta aiki. A watan Mayu, da rana tsaka, furosesa takan kai digiri 80 da ɗoriya in ina fitar da bidiyo, iyakarta kuwa 89 ce, ba ta taɓa rage gudu ba. Na rage wa katin wuta zuwa kashi 80 cikin 100 a manhajarsa, abin da na rasa na sauri ido ba ya gani, ɗakin kuma ya fi zaunuwa. Manyan ayyuka bayan asuba nake sa su.

Abin da kuɗin nan bai gyara ba shi ne wasa da mutane a intanet. Manyan kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasan a Turai suke, saƙo sai ya je ya dawo, kuma a layin waya jinkirin kan haura milisakan 150, da yamma ya yi ta tsalle. A wasan harbi kafin ka ga mutum ya riga ya gan ka, komai ƙarfin katinka. Wasannin da mutum ke yi shi kaɗai, da ƙwallon da muke bugawa da abokai a ɗaki ɗaya, su ne nake morewa yadda ya kamata. Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan Adam, ya fara aiki a Nijar a 2025, ni da maƙwabta biyu muna lissafin haɗa kuɗi mu sa faranti ɗaya mu raba. Kafin nan akwai batiran ondile, waɗanda zafi ya riga ya fara cinye ƙarfinsu, mintunan da suke ba ni sun ragu sosai a kan na farko. Su zan fara canzawa kafin wata bazarar, in Allah ya kai mu.